Amsar Goggo kan mayar da sunan Inna

Assalamu alaikum ɗana, barka da arziƙi, Allah ya raya mana ita bisa sunna ya ba mai jego lafiya. Saƙonka ya shigo tuntuni amma ka san halin netwok ɗin Gadarif nan Sudan, ga wuta sai ta ga dama take zuwa, sai yau na samu na zauna. Kace kana so ka mayar wa jaririyar da sunan Inna kakarka, babanka kuma yace in dai wannan sunan za a raɗa to a nemo laƙabi don shi bakinsa ba zai iya kira ba, shine kake tambaya wai addini ne ko al'ada, tunda maƙwabtanku a Jidda suna sa sunan iyayensu kuma su kira shi gatsau ba abinda ya same su.

Toh ba addini bane. Mayar da suna kam yana da asali, Annabi (SAW) da aka haifa masa ɗa Ibrahim ya sa masa, sunan kakansa Annabi Ibrahim, hadisin yana cikin Sahihu Muslim. Amma sakaya sunan da laƙabi namu ne, kunya ce irin ta Hausa da Fulani, babu malamin da zai ce kayi zunubi don ka kira. Duk da haka ni ina bayan babanka, kuma ba don ƙanina bane.

Kayi tunani mana, yarinya ce, gobe zata taso tayi ɓarna, ta kifar da miya, ta ƙi zuwa makaranta, dole a tsawata mata. Yanzu babanka ya buɗe baki ya daka wa sunan uwar da ta haife shi tsawa a tsakar gida? Ko kai rai ya ɓaci kace ke wance zo nan don gidanku? Haba ɗana. Shi yasa ake cewa Ummi, ko Mami, ko Walida, ko Hajiya ƙarama, in namiji ne aka mayar da sunan uba sai kaji Abba ko Baffa. Sunan yanka yana nan daram a takardar haihuwa da ta makaranta, ranar ɗaurin aurenta ma shi za a faɗa a gaban jama'a, a gida ne kawai ake lulluɓe shi. Kuma ka lura, kaka namiji da jikarsa wasa ne tsakaninsu, amaryata matata, ke kin yi min tsufa na sake ki, amma wannan babanka ba zai mata irin wasan nan ba, uwata zai rinƙa ce mata, in ta shigo ya matsa mata wuri a tabarma. Ni ma da nake rubutun nan kaga ban rubuta sunan ba, ka san shi ai.

Ita kanta Innar haka ta rayu. Ni ce 'yar fari, har ta koma ga Allah bata taɓa kiran sunana ba, sai dai ke, ko 'yar nan, in tana bada labarina wa baƙi tace waccan. Ana yaye ni ta miƙa ni riƙo wajen kakarmu bata ko waiga ba, wai kar ace ta nuna son 'yar fari. Yaran yanzu in sun ji sai suce rashin so ne, basu san ita ce take aiko ƙanwarta a ɓoye da ƙullin gyaɗa da 'yan kunne ba, tana jan kunnenta kar a faɗi daga inda suka fito.

Kai ka santa ne tana Haboba, wato kaka da Larabcin Sudan, mai carbi a kan angare, gadon nan na igiya, mai ɓoye muku alawa a ƙarƙashin filo, baka santa da ƙarfinta ba. Kakanninta suna cikin ayarin da suka baro ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi na 1903 inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a suka yi gabas da niyyar Makka, har suka yada zango a bakin kogin Nilu kusa da Sinnar, garin da har yau ake kira Mai Wurno. Wasu sun ƙarasa Sawakin sun tsallaka teku, namu guzuri ya ƙare suka zauna. Da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925 aka buɗe noman audugar Jazira sai aikin ƙwadago ya samu, nan iyayenta suka koma kambo, wato sansanin 'yan ƙwadagon gona, nan aka haife ta, nan aka mata aure tana ƙarama. Lokacin tsintar auduga da goyo a bayanta take shiga hawasha, wato gonar audugar, tun sanyin asuba, ɓawon audugar nan mai tsini ya tsattsage mata yatsu, ta dawo ta ɗora tukunya, ta niƙa dawa, da dare kuma ta zauna gyaran wake na ƙosan safe. Da kuɗin ƙosai da godogodo da sanduk, wato adashin da suke zubi da matan unguwa aka sayi filin gidanmu na garin Madani, Baba Allah ya jiƙansa bai taɓa musun wannan ba, a gaban abokansa ma yana faɗa.

Abinda nafi so ka riƙe shine jinyar da tayi wa uwar mijinta. Tsohuwar nan shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da ita shekara da shekaru, ga 'ya'yanta mata na cikinta suna nan da rai amma kowacce tana gidan mijinta, sai Inna ta ɗauke gadon tsohuwar ta kai ɗakinta. Kafin kiran assalatu ta tashi ta dafa ruwa, ta goge mata jiki, ta canza shimfiɗa, ta wanke zannuwan ta shanya a bayan ɗaki tun duhu bai yaye ba don kar ko yaran gidan su ga abinda ya fito daga jikin kakarsu, sannan ta sa garwashi a kasko ta turara ɗakin da bahur, duk mai zuwa dubiya ƙamshi kawai yake tararwa. Tana juya ta dama da hagu saboda gyambon kwanciya, kuma har tsohuwar ta rasu ko ƙurji babu a bayanta, matan da suka mata wanka su suka fito suna faɗa. Koko da ludayi take bata kaɗan kaɗan, tsohuwa ta furzar ta zage ta tas, ciwo ya sa bakinta ya zama ba linzami, Inna tace yi haƙuri Iya ta goge ta sake ɗebowa. Na ga wannan da idona ba labari aka bani ba.

Lokacin farin 1984 zuwa 1985 da mutane suka kwararo daga Kurdufan da Darfur, ana rabon dawar agajin Amurka da ake ce wa Rigan, kwanukan da take jerawa a gindin murhu sun fi yawan mutanen gidan, akwai na almajiran halwa, wato makarantar allo, akwai na wata mata da 'ya'yanta da suka sauka a rakubarmu, wato rumfar gidanmu, ba mu san ko daga wane ƙauye suke ba, ita kuma sai ta jiƙa ƙanzo tace ta ƙoshi. 'Ya'yan riƙo kuwa da suka tashi a hannunta wasu sai da suka girma suka san ba ita ta haife su ba.

Amma ɗana kar ka ɗauki labarin nan ka mayar dashi sandar dukan matarka, kace ai Haboba tayi kaza ke me ya hana ki. Wahalar ta mata yawa, bayanta ya ranƙwafa tun bata tsufa ba, hayaƙin murhu ya cinye mata ido, kuma da mazan gidan sun kama mata da ba haka ba. Ana yabonta ana cewa mai haƙuri, yabon nan bai taɓa ɗauke mata tulu ɗaya ba. In ka sa wa 'yarka sunanta to ka bata abinda ita bata samu ba, karatu na allo da na boko har inda ƙwaƙwalwarta ta kai, Inna sai da ta aurar da mu sannan ta samu sukunin zuwa wajen malama tana haɗa baƙi, kuma kullum tana cewa da ta samu tun tana yarinya. Allah ya mata gata ya ɗauke ta kafin yaƙin nan, bata ga ranar da muka fito daga Madani a watan Disamba 2023 da kayan jikinmu ba, don da tana nan wallahi ba zata yarda ta bar gidan ba.

Maganar laƙabi ka bar wa babanka ya zaɓa, haƙƙinsa ne, kar kai da mai jego ku riga shi, in ya tambaye ni dai Ummi zan ce. Ka kira shi da safiyar ranar suna kafin a yanka rago ya sa mata albarka ko ta bidiyo ne. Sannan ka gaya wa surukarka tayi sassauci da wankan jego, ruwan kar ya cika zafi, kunun kanwar ma a rage kanwa sosai, likitoci a Zariya sun daɗe da gano yawanta yana jawo wa masu jego ciwon zuciya da kumburi. Na bada ɗinkin 'yan riguna, in an samu mai tafiya umara ta Fot Sudan zan aiko. Ka turo min hotonta wanda fuskar ta fito sosai, wancan duk zani ne ya rufe ta. Ka gaida mai jego da surukanka.