Yadda kiran waya ke shiga ɗakin taron bidiyo

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ne sakataren wata ƙungiyar 'yan kasuwar goro a Aboabo, Kumasi. Muna da na'urar taron bidiyo a ofis, wadda muke ganawa da 'yan'uwanmu na Nima a Accra ta cikinta duk wata. Shugabanmu dattijo ne, yakan daɗe a Bawku, kuma ƙaramar waya mai madannai kawai yake riƙewa. Ko akwai hanyar da zai buga lamba ya shigo taron?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam Sakatare. Hanya akwai, kuma ba sabuwa ba ce. Wayar Alhaji, shugabanku, da na'urar ofishinku ba harshe ɗaya suke ji ba, domin wayarsa tana bin layin kamfanin sadarwa ne, ita kuwa na'urarku tana bin intanet da ɗaya daga cikin ƙa'idoji biyu: H.323, wadda hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta fitar a 1996, ko kuma SIP, wadda ta biyo baya a 1999. Abin da ke shiga tsakani shi ne na'urar da masu sana'ar ke kira getwe, wato mashiga, kuma aikinta aikin tafinta ne. Tana karɓar kira daga layin waya, ta fassara alamun ƙararrawa da ɗauka da ajiyewa zuwa abin da na'urar bidiyo ke ganewa, sannan ta rarraba muryar cikin ƙananan ƙunshin bayanai da intanet ke iya ɗauka.

Inda aikin yake da nauyi shi ne yadda kiran zai gane ɗakin da ya nufa. Ana iya ba kowane ɗaki lambarsa ta kansa, ta yadda Alhaji na bugawa na'urarku za ta yi ƙara kai tsaye, kuma a ganina wannan ya fi dacewa da dattijo. Hanya ta biyu ita ce lamba ɗaya ga kowa: mashigar ta amsa, wata murya da aka naɗa ta nemi mai kira ya danna lambar taro, sa'an nan manhajar da ake kira mai gadi ta duba littafinta, ta mayar da lambar zuwa adireshin na'urar a intanet. Wannan ta fi araha, amma tana dogara ga ɗan sautin da kowane madanni ke fitarwa, kuma na sha ganin inda aka saita mashiga ba daidai ba, mutum yana ta danna lamba, muryar tana ta maimaita masa tambaya ɗaya. Saboda haka ku gwada da wayar Alhaji kanta, daga Bawku, kwana biyu kafin taro.

Game da layi, manyan ofisoshi kan ɗauki babban layin waya da ake kira E1, mai ɗaukar kira 30 a lokaci guda, wanda ya fi ƙarfin buƙatarku nesa ba kusa ba. Ku nemi layin SIP mai ɗaukar kira biyu ko uku daga kamfanin da hukumar sadarwa ta Ghana, NCA, ta ba lasisi. Kada ku saurari mai cewa zai haɗa muku akwatin layukan SIM don 'yan'uwa na waje su riƙa shigowa kamar kiran gida, domin wannan laifi ne a dokar Ghana. Ku kuma sa mai haɗa muku na'urar ya canza kalmar sirrin da ta zo da ita, ya toshe kiran ƙasashen waje, don ɓarayin intanet na farautar mashigar da aka bari a buɗe su yi ta kira da kuɗin masu ita.

Abu na ƙarshe, kuma shi ne wanda na fi so ku riƙe: Alhaji murya kawai zai ji, ba zai ga wanda ya ɗaga hannu ko takardar lissafin da aka nuna a allo ba. Duk mai magana ya fara da faɗin sunansa, ya matso kusa da makirfo, ma'aji kuma ya karanta alƙaluma da baki. Murya takan ɗan yi jinkiri a hanya, don haka idan aka nemi ra'ayinsa a dakata masa kaɗan kafin wani ya karɓe zancen.