Amsar tambayarka kan ginshiƙin gada da ake haɗawa da giraut

Toh yaro na, ka ce ginshiƙin da aka zuba a yadi, wato filin da ake zuba kankare tun kafin a kai wurin aiki, aka ɗauko shi aka dasa, aka haɗa rodinsa da na fandisho cikin bututun ƙarfe da giraut, wato kwaɓin siminti mai ruwa-ruwa da ake cika bututun da shi, anya zai tsaya idan aka yi girgizar ƙasa? Zai tsaya, amma ba inda kake tsoro ne matsalar take ba.

Kai kana ganin rodin zai zare daga bututun. In an cika shi da kyau da wuya hakan ta faru, don cikin bututun ba sumul yake ba, yana da gurzu-gurzu, rodi ya kama giraut, giraut ya kama bututu. Ƙa'idar Amurka ma cewa ta yi haɗin ya ɗauki kashi 125 cikin 100 na ƙarfin da rodi ke fara miƙewa, a yankin girgiza kuma sai ya kai cikakken ƙarfin tsinkewar rodin. Dabarar ba sabuwa bace, injiniya Alfred Yee ya fito da ita a Hawai tun ƙarshen shekarun 1960, Japanawa suka rungume ta.

Ga inda gizo ke saƙar. Ginshiƙin gada ba'a so ya ƙage kamar dutse lokacin girgiza, so ake ya yi ta lanƙwasa daga gindi, rodi ya miƙe, kankare ya tsattsage a hankali, a haka yake shanye ƙarfin girgizar bai faɗi ba. To shi bututun nan kauri gare shi baya miƙewa, in ka jera su daidai gindin ginshiƙi ka hana wurin lanƙwasa kenan, sai duk wahalar ta taru a ɗan guntun rodin da ke bakin haɗin, tsaga ɗaya ta buɗe baki, kamar ka riƙa lanƙwasa waya a wuri ɗaya, ai kasan ƙarshenta. Gwajin da aka yi a jami'o'in Nebada da Yuta a Amurka ya nuna haka, ƙarfin ɗaukar kaya kusan ɗaya ne da ginshiƙin da aka zuba a wurin, amma nisan da yake iya karkacewa kafin rodi ya tsinke ya ragu. Shi yasa injiniyoyi ke tura bututun cikin fandisho, ko su ɗaga shi sama da gindi, ko su naɗe wani ɗan sashe na rodin don kar ya manne da kankare ya samu wurin miƙewa. In kaga rodi a naɗe kar ka ce shirme ne ka ɓare shi, da gangan akayi.

Ringi ma, wato zoben rodin da ke ɗaure rodin ginshiƙi, kar ka raina. A girgizar ƙasar San Farnando ta Amurka a 1971 da ta Kobe ta Japan a 1995 ginshiƙan da suka ruguje ba na yadi bane ma, ƙarancin ringi da haɗin rodi a mugun wuri suna cikin abinda ya kayar da su.

Namu aikin dai giraut ne, kuma nan nafi tsananta maka don da zarar ya bushe ba mai ganin ciki. Ruwa gwargwadon abinda kamfanin ya rubuta a buhu, kar ka ƙara wai don famfo ya ji daɗin turawa, ƙarfi kake kashewa. Ka tura ta ƙofar ƙasa har sai ya fito ta sama yana zuba babu kumfa, ka toshe sama, sannan ka cire tiyo ka toshe ƙasa da sauri. Wanda ya ɗura ta sama iska zai kulle a ciki, rodin sama ya zauna rabi a fili. Kafin a sauke ginshiƙi ka auna tsawon kowane rodi da ya leƙo, gajere ɗaya ya isa ka tsayar da aiki ka kira injiniya. Ka zuba samfur a 'yan ƙananan kwalaye don gwaji, kuma tokarar da ke riƙe da ginshiƙin tana nan ba mai taɓa ta sai sakamakon ya fito.