Gida biyu maganin gobara

Ɗana, bayan gaisuwa, da fatan kuna lafiya kai da iyali, ya zafin Garwa? Saƙonka ya iso. Ka ce yayarka ta Marwa, da Allah bai ba ta haihuwa ba, ta roƙi ka ba ta yaronka riƙo, mai ɗakinka ba ta so, kai kuma kana tsakiya. Ka tambaye ni ko al'adar nan dole ce, kuma ko gaskiya ne abin da manya ke faɗi, wai yaron da bai sha wuya a gidan wani ba ba ya zama mutum.

Babu dole a ciki. Addini bai ɗora maka ba. Ɗan riƙo sunan ubansa yake amsawa, gadon ubansa yake ci, ba ya gadon mariƙinsa. Iyayenmu sun yi ta ne saboda zumunci, da kunyar ɗan fari, da share hawayen wadda ba ta haihu ba. Amma akwai wani dalili da ba su cika faɗi da baki ba, ni kuwa na gan shi da idona. Sun san ƙasar nan ba ta da tabbas. Shekara guda fari, wata ambaliya, wata yaƙi. Shi ya sa ba sa son 'ya'yansu duka su tashi a gari ɗaya, da harshe ɗaya, da sana'a ɗaya. Gida biyu maganin gobara, in ji Hausawa.

Mahaifinka, Allah ya jiƙansa, a hannun kawunmu ya tashi a Marwa, cikin majema da dukawa. Ni a gida aka bar ni, a Injamena, ina tsaron kantin tsohonmu. A lokacin kowa ni yake gani da sa'a, domin shi in ya zo ganin gida warin jima yake yi, tafin hannunsa duk kanta. Da yaƙi ya sake ɓarkewa a watan Maris na 1980, muka bar kanti da abin da ke ciki, muka haye kogin Shari a kwalekwale zuwa nan Kusuri, don a lokacin ba a yi gadar Ngeli ba. Uwarmu tukunya ɗaya ta ɗauko da zani biyu. Muka zauna cikin dubban 'yan gudun hijira muna bin layin tsaba. Ni da nake taƙama da lissafi da Larabcin kasuwa, babu abin da zan lissafa. Mahaifinka ne ya zo ya kwashe mu. Yana da Fulatanci a baki, yana da masu ba shi fata bashi, yana da ɗaki a gidan da ya tashi. Takalma da jakunkunan da yake ɗinkawa su suka ci da mu har ƙura ta lafa.

Haka aka yi ta yi. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa, rabinta ya tafi a dare ɗaya, masu sayo kaya daga waje da yawa suka durƙushe. A danginmu wanda ya fi saurin miƙewa shi ne wanda ya iya dashen masakwa bayan ruwa ya janye, domin dawa ba ta jiran canjin kuɗi. A 2014 rikicin Boko Haram ya kashe hanyar Fotokol da Gamboru, da ta Amcide da Banki, aka taƙaita hawan babur, 'yan kasuwa nawa ne suka koma noman albasa da ɗinki? Kai ma ka ga masu sayar da zuwa-zuwa, wato fetur ɗin da ake shigowa da shi daga Najeriya, a bakin titi da Najeriya ta cire tallafin mai a 2023. Wanda yake da wata ƙofa ya shiga, wanda ba shi da ita ya zauna jugum.

To, amma maganar wuya, a nan na rabu da tsarana. Wuya ita kaɗai ba ta gina yaro. Na san wata yarinya da aka kawo unguwarmu riƙo. Ita ce ɗiban ruwa kafin asuba, ita ce wanke-wanke, ita ce tallar ƙosai, 'ya'yan gidan kuwa suna wucewa makaranta da jakunkunansu. Ƙanzon tukunya ne abincinta, a tsaye take ci bayan ɗakin girki. In ka kira sunanta sai ta kare kai da hannu kafin ta amsa. Abin da ta koya a gidan nan tsoro ne da ɓoye gaskiya, kuma har ta yi aure bai sake ta ba. Raina yana ɓaci duk sa'ad da na ji wani dattijo yana kiran irin wannan tarbiyya. Mahaifinka ya sha aiki, ƙwarai kuwa, amma akushi ɗaya yake ci da 'ya'yan kawu, in ya ɓata fata a nuna masa inda ya kuskure a ba shi wata, kuma kawun ne ya yi masa aure ya ba shi jari. Yaro yana jure gajiya da rashi in ya san akwai mai tsaya masa. Daga nan yake koyon cewa in abu ya lalace ana sake shi.

Shawarata ke nan. Kada ka yanke komai a bayan idon uwar yaron, ita ta ɗauki cikinsa, kuma yaron da aka fizge daga uwa tana kuka ba ya zama lafiya a inda aka kai shi. Shekara bakwai ya yi ƙanƙanta, ku bari ya ƙara wayo. Kafin nan ku riƙa kai shi Marwa hutun makaranta, ya saba da gwaggonsa, ya bi mijinta kasuwar albasa, kunnensa ya ɗauki Fulatancin can. In ya dawo ka saurari abin da yake faɗi, ka duba jikinsa da fuskarsa. Idan kun yarda daga baya, a yi magana a fili gaban manya: makarantar boko da ta allo ba za su tsaya ba, takardar haihuwarsa ta bi shi don kada a hana shi jarrabawar CEP ta kammala firamare, Sallah a gida zai yi, kuma kai za ka riƙa zuwa ba tare da ka aika ba. Yayarka mace ce mai kirki, ba na zaton za ta ji haushin wannan. In kuwa ta ji, ka ce ni na ce.

Idan kuma kun ga ba za ku iya rabuwa da shi ba, babu laifi, sai dai ka nemi wani mai sana'a nan Garwa, tela ko bakanike, yaron ya riƙa zuwa bayan makaranta. Ka je Marwa da ƙafarka ka ba yayarka haƙuri, kada ka yi ta waya.

Ka gaida mai ɗakinka, ka ce ta kira ni in ji ta bakinta.

Baffanka, daga Kusuri.