Tambaya da Amsa: Kalmomin tsoro a Turanci

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na sakandare a Fagge, ina shirin jarrabawar WAEC. Idan zan rubuta insha'i nakan rasa wadda zan ɗauka tsakanin afraid, scared, frightened da terrified, domin ƙamus ɗina ya fassara su duka da tsoro. Mene ne bambancinsu?

Amsa: 'Yata, Allah ya ba da sa'a. Ƙamus ɗin ya taƙaita ne kawai, domin ke ma kin san Bahaushe ba ya sa tsoro da firgita da razana da fargaba a ma'auni ɗaya, kuma Bature ma haka yake.

Afraid tsoro ne da ya zauna a zuciya, irin na wanda ba ya iya bin lungu da dare ko da babu abin da ya taɓa samunsa. Scared kusan ma'anarsu ɗaya, sai dai ta fi yawa a hira, saboda haka ki guje mata a wasiƙar hukuma. Frightened ta fi dacewa da firgitar nan take, irin ta mai tsallaka titi a Ƙofar Mata idan ɗan adaidaita sahu ya danna masa hon ba zato. Terrified kuwa razana ce mai sa jiki ɓari, ta wanda gobara ta rutsa da shi, kuma ba na jin daɗin ganin ɗalibai suna ɓata ta a kan kyankyaso.

Afraid ce ta fi kayar da ɗalibai, don haka ki kula da ita sosai. Ba ta zuwa kafin suna: ana cewa the boy is afraid, amma kuskure ne a ce an afraid boy, sai dai a frightened boy. Of ce ke bin ta, ba by ba, alhali frightened tana karɓar su duka biyu. Sannan idan ma'aikacin banki ya ce miki I am afraid we are closed, ba tsoronki yake ji ba, yana sanar da ke abin da ba za ki so ba ne cikin ladabi, wato dai ki yi haƙuri, an tashi.

Akwai kuma dread, wadda ba ki ambata ba: fargabar abin da bai riga ya zo ba, mai hana barci. Ita za ki rubuta idan kina bayyana halin ɗalibin da ya san bai yi karatu ba, ga shi ranar fitar sakamako tana matsowa.