Kakana Banufe ne, ni kuwa Hausa kaɗai nake ji: wace ce ƙabilata?

Tambaya: Malam, a Tudun Wada aka haife ni, nan aka haifi babana. Kakana daga Bida ya zo aikin jirgin ƙasa, mahaifiyata kuma Bafulatanar Zariya ce. Ko gaisuwa ban iya da Nufanci ba. Na je neman aure, sai wani kawun yarinyar ya ce ni ba Bahaushe ba ne, wai ƙabila a jini take. Haka ne? Daga wani matashi, Tudun Wada, Kaduna.

Amsa: Ɗana, da za a kai jininka da na kawun nan asibiti, ba likitan da zai ware ya ce ga na Bahaushe ga na Banufe. Masana zamantakewa sun daɗe da barin wannan magana. Abin da suke dubawa shi ne iyaka: wa mutane suke lissafawa nasu, wa suke cewa bare, kuma wa yake da bakin yanke hukuncin. Wani masani ɗan ƙasar Nowe, Fredrik Barth, shi ya fito da wannan sosai a 1969. Ya ce mutane suna ta tsallake iyakar, suna shiga suna fita, ita kuma tana nan.

Misalin da na fi so na gida ne. A farkon shekarun 1960 wani mai bincike, Abner Cohen, ya zauna a Sabo, unguwar Hausawa a Ibadan, wurin fataken goro da dillalan shanu. Ya tarar cewa abin da ake nema kafin a karɓe ka a Bahaushe shi ne ka ji Hausa kamar jakin Kano, ka zama Musulmi, ka iya faɗin garinku a ƙasar Hausa, kuma kada a ga zanen wata ƙabila a fuskarka. Jikokin Barebari, Buzaye da Fulani nawa ne suka zama Hausawa ta wannan hanya? Ga kuma Maguzawa, waɗanda ba mai musun Hausancinsu, amma a wasu wurare an riƙa ware su saboda addini. Ka ga ma'aunin ba ɗaya ba ne ko'ina.

Batun launin fata daban ne, shi da siffar jiki ake kafa hujja, amma shi ma mutane ne suka zana layinsa. A Afirka ta Kudu, bayan dokar rajistar mutane bisa launin fata ta 1950, har fensir ake soka wa mutum a gashi; in ya maƙale, a rubuta shi a wani rukuni, in ya faɗo, a wani. Wa da ƙani sukan rabu ta haka. Sai 1991 aka soke dokar.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne a Kaduna ake wannan magana. Garin nan Gwarawa aka tarar a yankinsa, Turawa suka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru, jirgin ƙasa da barikin soja da masaƙun Kakuri suka jawo kowa. Ina yaro, a gidan hayar da muka zauna akwai Bayarabe tela, akwai Bakatafiya mai koko, rijiya ɗaya muke ja. Rikicin addini na 2000 da na 2002 ne suka sa kogin Kaduna ya zama iyaka tsakanin Musulmi da Kirista, wasu suka kwashe zuwa Sabon Tasha da Narayi, wasu Rigasa da Tudun Wada. Yaran da aka haifa bayan nan gani suke haka Allah ya yi garin.

Inda za ka ji a jikinka shi ne takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma, domin ita garin kakanni take bi, ba inda aka yanke cibiya ba. Wannan matsalar hukuma ce, ba ta shafi sharuɗɗan aure ba.

Kada kuma ka ɓoye Nufancin kakanka don a ba ka mata. Kana iya zama Bahaushe jikan Nufawa, ba wanda ya ci wani. Ba ka faɗa mini ko mutumin ina ne kawun nan ba. In Bakatsine ne, ai abokin wasan kakanka ne. Ka samu baffanka wanda ya fi kowa baki, ka tura shi da goro ya je ya same shi.