Jihaz ɗin naka ne, to wa zai tsaya a kan ma'auni?

Wani Alhaji mai sayen riɗi da dawa a kasuwar amfanin gona ta Gadarif, a gabashin Sudan, ya aiko mini da tambaya. Ɗan yayarsa, saurayi ɗan shekara ashirin da shida, ya jima yana bin abokansa yawon neman zinare da na'urar gano ƙarfe a cikin ƙasa da ake kira jihaz, da farko don sha'awa kawai. Yanzu yaron ya zo masa da magana: akwai jihaz samfurin GPX 5000 sabuwa a kwali da za a bari a dala 1,200, a ƙara masa wajen dala 1,800 na mota da ruwa da abinci, su nufi wajajen Abu Hamad a jejin arewacin ƙasar, abin da Allah ya bayar a raba. Alhaji zai cire kuɗin ne daga jarin sayen riɗin bana. Tambayarsa ita ce: "Wannan na'urar tana da kyau, ko in ƙara kuɗi a sayi GPZ 7000? Yaron nawa ne, a gidana ya tashi, ba na shakkarsa."

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Ka tambaye ni na'ura, zan kuma taɓa maganarta, amma ba can ciwon yake ba. Na karanta wasiƙarka sau biyu ina neman wuri ɗaya da ka ce "mun rubuta", ko "wane zai bi su", ko "a gaban wane za a auna". Ban samu ba. Abin da na samu shi ne "a raba". A raba me? Wa ya ga abin da za a raba?

Kai da kanka, in yaran shagonka suka sauke buhunan riɗi, ba ka biyan manomi sai an ɗora kowane buhu a kan sikeli kana tsaye, ka soka hannu ka duba ko an cika ƙasan da ƙasa. Buhu ke nan, abin da sai ƙato biyu sun ɗaga. Yanzu kuma za ka zuba dala dubu uku a sana'ar da ribarta ta wata guda take shiga cikin kwalin ashana har da sauran wuri, a jejin da ke da ɗaruruwan kilomita daga inda kake, inda waya ba ta kamawa sai an hau dutse. Zinare giram talatin bai kai girman ɗan yatsanka ba, domin ya fi ruwa nauyi sau goma sha tara. Yana shiga kumatu, yana shiga ƙullin zariyar wando, yana shiga gwangwanin sukarin shayi.

Ban ce ɗanka ɓarawo ne ba. Ka saurare ni da kyau a nan, domin in ka ɗauka zargi nake yi za ka rufe kunne. Abin da nake cewa shi ne ka shirya harkar ta yadda ko yaron waliyyi ne ba ka da hanyar sanin haka. In ya dawo bayan kwana arba'in, ya rame, leɓe ya tsage, ya ce "Kawu, ba mu samu komai ba," gaskiya ce mai yiwuwa ƙwarai, don mafi yawan fita haka take ƙarewa. Amma daga ranar zuciyarka ba za ta sake kwanciya ba. Ka gan shi da sabuwar waya, ka yi shiru kana lissafi. Matarka ta ji an ce ya kai kayan gaisuwa gidan wata yarinya, ta zo ta gaya maka da wata irin murya. Kuɗin sun tafi, yaron ma ka rasa shi, kuma yayarka ba za ta yafe maka kallon da kake yi wa ɗanta ba.

Na ga wannan da idona a shekarar 2012, lokacin da zazzaɓin zinare ya tsananta a ƙasar nan bayan Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011 ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man fetur. Shekarar da aka buɗe matatar zinare a Khartoum, kuma labarin Jabal Amir na Darfur ta Arewa ya cika ko'ina. Wani aminina daga wajen Mai Wurno ya sayar da injin ban-ruwansa da shanun huɗa biyu, ya saya wa ƙaninsa jihaz. Uwa ɗaya uba ɗaya. Fita ta farko ƙanin ya kawo giram goma sha ɗaya, aka yi murna, aka yanka rago. Fita ta biyu babu. Ta uku babu. Ta huɗu aka ce faifan na'urar, wanda ake sharar ƙasa da shi, ya fashe, a aiko da kuɗin sabo. Da abin ya ishe shi ya roƙe ni in raka shi kasuwar Abidiyya, arewa da Atbara, inda injinan niƙa dutse suke kwana suna ruri. Muka zauna a rumfar wani mai sayen zinare muna shan shayi. Ina kallo wani yaro ya kwance ƙullin leda, mai rumfar ya ɗora ɗan curin zaiba a cokali, ya kunna masa wutar gas, hayaƙin ya tashi yana shaƙa ba ko kyalle a hanci, abin ya koma rawaya, ya jefa shi a ƙaramin sikeli mai murfin gilas. Giram biyu da ɗigo huɗu. Aka ƙirga kuɗi, yaron ya tafi. Ba takarda, ba suna, duka bai kai minti biyar ba. Aminina ya juyo ya dube ni bai ce komai ba. Ya gane cewa ko ƙaninsa ya sayar da rabin kilo a wannan rumfar, babu wanda zai iya faɗa masa, kuma in bai sayar da ko ƙwaya ba, shi ma ƙanin ba shi da abin da zai wanke kansa da shi. Har yau ban san wanne ne gaskiya ba. Su biyun dai gaisuwar Sallah kaɗai ke haɗa su.

Kuma ka tambayi malamin unguwarku. In ka ba mutum kuɗi ya juya a raba riba, wato ƙirali, asarar dukiya a kanka take kai mai kuɗi matuƙar bai yi sakaci ba, shi kuwa wahalarsa ce ta tafi a banza. A wurin malamanmu na Malikiyya mai juya kuɗin amintacce ne, in ya ce dukiya ta salwanta maganarsa ake kamawa. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Ban san inda muka samo cewa rubutu tsakanin dangi rashin kunya ne ba.

To, na'urar. GPX 5000 ta kamfanin Minelab ce na ƙasar Ostareliya, ta fito a 2010, kuma ita da yayarta GPX 4500 su ne suka yi suna a jejin Sudan. Dalili shi ne irin aikinsu: suna harba bugun maganaɗisu cikin ƙasa su saurari amsa, don haka jar ƙasa mai yawan ƙarfe ba ta ruɗa su kamar yadda take ruɗa ƙananan na'urori masu araha. Ta gaskiya sabuwa dubban daloli ce. Wadda aka yi wa ɗanka tayi a 1,200 "a kwali", ko dai tsohuwa ce aka wanke, ko kuma jabu ce, kuma jabun wannan samfurin sun cika kasuwa tun shekarun farko, har kamfanin ya riƙa gargaɗi a kai. Kwali ɗaya, fenti ɗaya, tana kuka in ka kawo mata zobe a shago. Sai an binne ƙwayar rabin giram a jar ƙasa ake gane ta. Kada a biya ko fam ɗaya sai an tabbatar da lambarta wurin dillalin da kamfanin ya amince da shi, an kuma gwada ta a ƙasa, da ƙwayar da kai ka kawo, a ramin da kai ka tona. GPZ 7000 kuwa, wadda ta fito a 2015, ta fi zurfi, ta fi nauyi, ta fi tsada nesa ba kusa ba. Ƙara kuɗi a kanta a halin da kake ciki daidai yake da sayen babban tulu alhali gindin na farkon ne yake yoyo. In kuma wani ya zo muku da mai sandunan eriya, wadda wai take nuna zinare daga kilomita guda ko zurfin mita ashirin, ku ba shi ruwa ya sha ya wuce.

Abin da samari ba sa so su ji shi ne wannan: jihaz dunƙule take ji, ba ta jin garin zinaren da ke cikin dutse. Ƙaramar ƙwaya sai tana kusa da sama, taƙi ɗaya ko ƙasa da haka. Babba ce ake ji daga nesa kaɗan. Kuma zinare ba gero ba ne da zai sake tsirowa. Filayen da ke kusa da hanya a jihar Kogin Nilu da ta Arewa an share su shekara goma sha biyar ana yi, ƙafa a kan ƙafa. Shi ya sa yanzu za ka ga masu ƙarfi sun kawo loda tana kankare saman ƙasa, masu jihaz suna bin bayanta. Wasu sun koma rijiyoyi suna bin jijiyar farin dutse, a kai buhuna injin niƙa, a kama da zaiba, sauran dusar da ake kira karta kamfanoni su saye su tace. Rijiyoyin nan kuma suna cin mutane: a Disambar 2021 wata ta rufta a Kordofan ta Yamma ta kashe mutum 38. Labarin mutumin da ya tsinci kilo guda a gindin ƙaya, wanda ake ba ka a kowace majalisa, ka lura kullum abokin ɗan'uwan wani ne, kuma kullum shekarun baya ne. Na gaji da jinsa.

Mu yi lissafi da giram, don fam ɗin Sudan tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 ba ya kwana inda ya yini. Mu ce sun yi sa'a, fita ɗaya ta kawo giram talatin. Ba tsantsa ba ne, mai saye zai rage na datti da na azurfar da ke ciki, mu ce saura ashirin da shida. Cire man mota, ruwan sha da ake saye a jarka, abinci, abin da hukumar ma'adinai take karɓa a kasuwa, da na shingayen hanya. Mu ce takwas sun tafi. Saura goma sha takwas. Tsarin da na fi gani shi ne kashi uku: na mai mota, na mai jihaz, na ma'aikata. Rabonka giram shida, a fitar da aka yi sa'a. Fita biyu da za su biyo baya ba komai, guzurinsu daga aljihun wa zai fito? Yanzu ɗauki dala dubu ukun nan ka sayi riɗi a Oktoba da Nuwamba lokacin da yake shigowa kasuwa, sana'ar da ka san kanta da gindinta, ka faɗa mini sau nawa za ka juya su kafin damina.

Ka ce yaron da sha'awa ya fara. Wannan ba laifi ba ne, akwai masu fita da na'ura ranar hutu kamar yadda wasu ke fita farauta, su dawo da tsohon harsashi da murfin kwalba suna dariya. In haka ne, a kira abin da sunansa. Akwai ƙanana irin Gold Monster 1000 da ba su kai rabin kuɗin manyan ba, suna kuma jin ƙananan ƙwayoyi na sama-sama. Ka saya masa kyauta daga kuɗin da in sun ƙone ba za ka fasa barci ba, ya nemi izinin hukuma, ya yi yawonsa a yankin Butana da ke kusa da ku in hanya ta yi lafiya, kada ka tambaye shi ko giram ɗaya. Ka kuma ja masa kunne a kan kufai da tsofaffin kaburbura. A 2020 masu neman zinare sun kai injin haƙa Jabal Maraga a jejin Bayuda suka rushe wurin tarihi mai kusan shekara dubu biyu, kuma doka ba ta wasa da wannan.

In kuwa ka dage sai kasuwanci, to jarin riɗi dai kada ka taɓa shi, ka jira bayan kaka ka ware daga riba. Sannan ka kira yaron da mahaifiyarsa da mutum biyu da ba 'yan gidanku ba. A rubuta cewa na'urar taka ce, da lambarta. A rubuta kason kowa, da ko guzuri ake fara cirewa kafin rabo, da wanda zai biya in faifai ya fashe ko batir ya mutu. A sa iyaka: fita biyu, in ba a mayar da kuɗin guzuri ba na'ura ta dawo gida a sayar. Kuɗin tafiya ka riƙa turawa kaɗan-kaɗan ta Bankak, manhajar banki ta waya, don ya zama akwai shaida, kada ka damƙa su dunƙule. Abin da ya fi duka: mutum naka, wanda kai kake biya kuma ba abokin yaron ba ne, ya bi su. Kowace yamma a auna abin da aka samu a gaban kowa, a rubuta a littafi, kowa ya sa hannu, a zuba a kwalba a liƙe, kuma ba a sayarwa sai wurin mai saye ɗaya da kuka amince da shi tun kafin a tashi.

Ranar da za ka kawo maganar takardar, ka dubi fuskarsa. In ya ce "Kawu, hakan ya fi mini sauƙi," ka ci gaba da shirin. In ya ɓata rai ya ce ashe ba ka yarda da shi ba, ka ba shi haƙuri, ka sa masa albarka, ka ce masa bana riɗi za ka saya, kuma kana neman wanda zai tsaya maka a kan sikeli a kasuwar Gadarif da albashi.