RTX 3060 ko RTX 4060: wanne ya fi dacewa da aikin haɗa bidiyo?

Malam, ka ce kana haɗa bidiyon biki a Maraɗi, kana kuma tunanin cewa katin RTX 3060, wato katin sarrafa hoto da bidiyo na kwamfuta, ya fi RTX 4060 ƙarfi, tunda na farkon yana da ma'adana mai giga 12, na biyun kuwa giga 8 kawai.

Yawan giga yana nuna girman abin da kati zai iya riƙewa a lokaci guda, amma saurin aiki ya dogara ne ga injin da ke cikinsa. Katin 4060, wanda ya fito a 2023, ya fi 3060 na 2021 sauri a yawancin ayyuka, kuma wat 115 yake ci a maimakon 170. A ganina wannan bambancin yana da nauyi a wurinmu, domin kati mai cin wuta kaɗan bai cika ɗaukar zafi ba a watan Afrilu, kuma ba ya saurin cinye batir ga mai aiki da sola. Sai dai in bidiyon 4K (mai tsananin fitar hoto) kake haɗawa a manhajar DaVinci Resolve da gyaran launi mai yawa, to giga 12 za su fi ba ka sarari.

Kada ka dogara da rubutun kwali, musamman a kan katin da aka taɓa amfani da shi. A ɗora shi a kwamfuta a gabanka, a buɗe manhajar GPU-Z a tabbatar da sunansa, sannan a bar shi yana aiki ka saurari ƙarar fankarsa. Kafin ka biya, kai kwamfutarka wurin ƙwararren mai gyara ya duba ko akwatin wutarta zai ɗauki katin.